Isnadin Hoton Sama: Daga Majigi Zuwa Tauraron Ɗan'adam

Malamanmu na hadisi sun bar mana wata ƙa'ida wadda amfaninta bai tsaya ga fanninsu kaɗai ba, ita ce ba a karɓar labari sai an san isnadinsa, watau jerin mutanen da ya bi ta hannunsu tun daga wanda ya gani da idonsa har zuwa wanda ya zo yana faɗa. In muka ɗauki wannan ma'auni muka aza shi bisa hotunan jiragen sama da kumbuna da suka riƙa isowa garuruwan yammacin Zamfara, su Talata Mafara da Bakura da Maradun, tun zamanin da ake kafa farin ƙyalle a ƙofar fada har zuwa yau da ake kallonsu a wayar hannu, za mu tarar kowane hoto yana da marawaita masu yawa waɗanda mai kallo bai taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa kuwa shi ne, wasu daga cikin marawaitan nan a ƙasar Hausa suka yi aikinsu, ko da yake kyamarar da ta ɗauki labarin, kusan ko da yaushe, a hannun baƙo take.

Mutanen wannan yanki dai ba baƙin sama ba ne. Manomin fadamar Bakura, tun bai taɓa jin ƙarar inji ba, ya san lokacin da Kaza da 'Ya'yanta take ɓacewa da lokacin da take sake bayyana, ya san Gamzaki ya san Zara, malamin zaurensu kuma yana lissafa masa manzilolin wata 28, ya gaya masa tauraron da ake ciki da irin ruwan da ake sa rai a cikinsa. Muhammadu Al-Kashinawi, malamin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littattafai a kan hisabi da taurari. Sa'ad da Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa Zamfara ya isa Sakkwato a 1824, ya baje kayan awon taurarinsa gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi da alƙalaminsa ya rubuta cewa ya tarar Sarkin ya san burujai, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Abin da ƙarni na 20 ya ƙara a kan wannan daɗaɗɗen ilmi na'urori biyu ne, ɗaya tana hawa can, ɗaya tana komowa da surar abin da aka gani.

Ta farkon ta iso ran 1 ga Nuwamba, 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan saman Ingila, samfurin DH.9A, masu fikafikan katako da zane, suka sauka a filin sukuwa na Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, a zamanin Sarkin Kano Usman. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, suka biyo ta Khartum da Al-Fashir da Fort Lamy da Maiduguri, watau hanyar da alhazanmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi a ƙafa da jakuna, wani ya shekara biyu wani ya shekara bakwai bai komo gida ba, ita ce waɗannan suka ratso cikin ƙasa da mako guda. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Khartum zuwa Kano a kai a kai. Daga 1940 kuma, da yaƙin Hitila ya tsananta, aka riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su biyo ta Kano da Maiduguri zuwa fagen fama a Masar, har dubbai suka wuce. A cikin hotunan filin jirgin Kano na shekarun 1950 akwai wanda ya shahara ƙwarai: mutum ne bisa raƙumi, da rawaninsa, yana busa kakaki ga jirgin da yake sauka. Mai ɗaukar hoton ya san abin da masu kallo a Turai suke so, tsohon zamani da sabo a wuri guda. Leburorin da suka sare daji suka daɓe filin, da masu mirgina gangunan mai a cikin rana, ba su samu shiga ba.

Na'ura ta biyu ta hannun ma'aikatan lafiya ta shigo karkara. William Sellers, wani jami'in tsabta a Ikko, shi ya fara amfani da fim tun ƙarshen shekarun 1920 don ya nuna wa jama'a alaƙar ɓera da annoba, da aka shiga yaƙi a 1939 kuwa gwamnatin Ingila ta kafa sashen fim na ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Ya shimfiɗa wa masu ɗauka ƙa'idoji: kada kyamara ta yawaita motsi, kada a yawaita tsallake daga wannan wuri zuwa wancan, kada a nuna sauro ya cika allo don kada mutane su ce nasu bai kai haka girma ba, kowane abu kuma a bar shi ya daɗe har mai kallo ya gaji da ganinsa. A ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji akwai zato cewa idon baƙar fata bai iya karanta sura ba, zaton da ba shi da hujja sai raini, domin jikokin waɗannan masu kallo, kai, su kansu ma da suka shiga Kano ko Gusau, ba su jima ba suka zama gwanayen bin labarin fim ɗin Indiya mai awa uku ba tare da jin kalma ɗaya ta harshen ba.

Yadda daren majigi yake gudana a hedikwatar gunduma a Lardin Sakkwato sananne ne ga wanda ya riski shekarun 1950 da 1960. Takarda takan riga ta zo daga ofishin En'e, sankira ya zaga gari da shela. Motar takan iso da la'asar, cikinta da direba da mai juya inji da mai bayani, Mafara da take kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta fi samun rabo, Bakura da Maradun kuwa sai an ratse, in damina ta yi nisa ma sai a jira kaka. Bayan sallar isha'i a kafa allo a ƙofar fada, a tada janareta, sarki ya zauna bisa kujera, dattawa a tabarma, yara a gaba cikin ƙura, mata can baya a tsaye. A fara da labarun duniya, a ga Sardauna yana buɗe asibiti ko masaƙa, a shiga fim ɗin tsabta ko na noma, a rufe da na ban dariya. Amma mutumin da ya fi kowa iko a wurin shi ne mai riƙe da lasifika, domin muryar Baturen da take cikin fim ɗin rage ta ake yi, abin da mai bayani ya faɗa shi ne abin da hoton ya ce. Wani yakan bi takardar da aka ba shi harafi da harafi, wani kuwa, musamman in ya ga jama'a sun fara hamma, ya ƙara gishiri daga kansa. Shi ne marawaici na ƙarshe a isnadin, kuma ta bakinsa mafi yawan mutanen karkara suka fara jin yadda ƙarfe yake tashi sama da mutane a cikinsa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata sashen fim a Kaduna, daga nan aka sami Baban Larai, wanda aka shirya don a kwaɗaitar da manoma noman auduga irin na zamani, a nan kuma Adamu Halilu ya ƙware, shi da daga baya, a 1976, ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Wahalar sana'ar a wancan zamani sai wanda ya yi. Ƙaramar kyamara mai fim ɗin milimita 16 wana ta ake yi kamar agogo, in an wana ba ta wuce rabin minti ta tsaya, naɗi ɗaya mai ƙafa 100 kuma bai cika minti uku ba. Zafin bazara yana ɓata fim tun yana cikin gwangwani, ƙurar hunturu tana karce shi, a farkon al'amari ma sai an aika da shi London a wanke, ta yadda mai ɗauka ba ya sanin ko aikinsa ya yi kyau sai bayan makonni, alhali taron da ya ɗauka ya watse, ba kuwa za a sake shi dominsa ba. Saboda haka aka saba da sake shirya abu don kyamara: a ce wa manomi ya koma ya sake fitowa daga gonarsa, a ce wa babban baƙo ya sake miƙa hannu.

Wannan al'ada ta sake shiri ba ta bar manyan dauloli ba. Da Rasha ta harba Sputnik ran 4 ga Oktoba, 1957, ta kuma aika da Yuri Gagarin ya kewaya duniya ran 12 ga Afrilu, 1961, sirri ya hana ta nuna abin yadda ya auku. Sunan babban injiniyanta, Sergei Korolev, ɓoye shi aka yi har ya mutu a 1966, hoton da ake nunawa kuma yana magana da Gagarin ta na'ura, daga baya aka zaunar da shi ya maimaita. Amurka, da ta ga an tsere mata a fagen roka, sai ta zaɓi ta yi nata a bainar jama'a, in nasara a gani, in faɗuwa a gani, ta mai da kyamara rabin makaminta. To, a nan ne ƙasar Hausa ta shiga cikin aikin da kanta.

Kumbon Mercury na Amurka yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa guda, kuma da yake a lokacin babu taurarin sadarwa da za su ɗauki muryar matuƙinsa, babu mai jin sa sai tashar da yake bisa kanta, ita ma na 'yan mintoci. Dole aka jera tashoshi kewaye da duniya, biyu daga ciki suka faɗo a yankinmu na Afirka, ɗaya a Zanzibar ɗaya a Kano, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta da sabuwar gwamnatin Nijeriya jim kaɗan bayan samun mulkin kai a 1960. Duk lokacin da za a yi harbi sai a turo mata ƙaramar tawaga daga Amurka, da mai magana da matuƙi, da injiniya mai duba lafiyar kumbo, da likita mai duba bugun zuciya; abin da suka ji su buga shi ta waya zuwa London, daga can ya haye teku. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya tashi daga Florida da ƙarfe 3:47 na yamma agogonmu, bayan minti ashirin da 'yan kai yana magana da Kano. Ana tsakiyar watan Ramadan na 1381, mutane sun idar da la'asar, mata sun fara haɗa kayan buɗa-baki, ga wani bawan Allah a can sama da kilomita 160 yana shaida wa mutanen ƙasa cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, su kuma suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska tana bugawa. Hunturu ya gani, wanda a ranar nan yake fasa leɓen masu azumi daga Kano har Maradun.

A cikin kumbon akwai kyamara da aka kafa tana ɗaukar fuskarsa tun tashi har sauka, a hannunsa kuma akwai wata 'yar ƙarama da ya saya da kansa a wani kanti kusa da wurin harbi, injiniyoyi suka yi mata mariƙi don ya iya latsa ta da safar hannu mai kauri. Daga waɗannan aka haɗa fina-finan da ofishin watsa labarun Amurka ya rarraba a duniya, har da Nijeriya. Wata guda bayan tafiyar Glenn, a Maris 1962, gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki, da haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanonin Granada da EMI na Ingila, bayan na Ibadan wanda ya riga kowa a 1959. Sai dai haskensa bai wuce Kaduna da kewayenta ba, daga baya Zariya da Kano, mutumin Zamfara kuwa majigi da rediyo ne rabonsa. A 1963 Nijeriya ta buga kan sarki mai hoton kumbon Mercury bisa tashar Kano. Ran 23 ga Agusta na shekarar kuma Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, muryar tana sauka a jirgin ruwan Kingsport da yake tsaye a gaɓar Ikko, karo na farko ke nan da shugabannin ƙasashe biyu suka yi zance ta tauraron ɗan'adam. Tashar Zanzibar juyin mulkin 1964 ya rufe ta, ta Kano ta ci gaba har zamanin kumbunan Gemini da suka ƙare a 1966.

Isnadi mafi tsawo shi ne na daren 20 ga Yuli, 1969. Apollo 11 ya sauka bisa wata da ƙarfe 9:17 na dare agogon Nijeriya, watan Jimada Ula yana wajen kwana shida, yana rataye a yamma. Sa'ad da Neil Armstrong ya taka ƙasarsa, ƙarfe 3:56 na daren ne, watan ya daɗe da faɗuwa a sararinmu, ladanai ba su kira assalatu ba tukuna. Kyamarar da ta ɗauki takun, ƙirar kamfanin Westinghouse, nauyinta bai wuce kilo uku da 'yan kai ba, a kife aka ɗaure ta cikin wata ƙofar kaya a gindin kumbon, sai da Armstrong ya ja wata igiya yana bisa tsani ƙofar ta buɗe, a ƙasa kuma aka tanadi makunni mai juya hoton ya miƙe. Da yake ƙarfin aikawa kaɗan ne, hoto goma take turowa a daƙiƙa guda, mai layi 320, irin da babu akwatin talabijin da zai iya nunawa. Manyan faranti a Goldstone ta Amurka, da Honeysuckle Creek da Parkes ta Ostiraliya suka cafe shi, na Parkes mai faɗin mita 64 ma yana aiki ne cikin guguwar da ta isa a ce an kife shi. Aka haska hoton a wani ɗan allo, aka kafa wata kyamarar a gabansa tana sake ɗauka, sa'an nan aka tura Houston, daga can zuwa duniya. Wannan ne dalilin da ya sa mutanen suka fito dishi-dishi kamar inuwa. An ƙiyasta masu kallo sun kai miliyan 600, amma Nijeriya tana cikin yaƙin basasa, tashar karɓar saƙon tauraro ta Lanlate kuma sai 1971 ta fara aiki. Mutanenmu ta rediyo suka ji, musamman sashen Hausa na BBC da aka buɗe tun 1957, hoton kuwa sai daga baya ya biyo cikin gwangwani.

An yi gardama a zauruka, wasu suna cewa sama rufaffiya ce, wasu suna cewa a wani dutse aka yi abin aka ɗauko, har yau ma gardamar ba ta mutu ba. Ni dai ban ga laifin mai shakka na farko ba, domin mutumin da ya ga an ce wa maƙwabcinsa ya sake fitowa daga gona don kyamara yana da dalilin tuhumar majigi. Ƙari kuma gidajen talabijin na Amurka da kansu, a wuraren da babu kyamara, kamar lokacin da kumbon yake gangarawa, sun cike giɓin da zane da gunkin kumbo a ɗakin shiri, suna rubuta cewa kwaikwayo ne a gindin allo da Turanci, rubutun da ba ya amfanar wanda bai yi boko ba. Amma wanda ya tuhumi riwaya wajibinsa ne ya bi isnadi har ƙarshe, in ya bi kuwa zai tarar da shaidu waɗanda ba su da muradin taimakon Amurka. Rasha tana da nata kumbon maras mutum, Luna 15, yana kewaya wata a kwanakin nan har ya faɗi ran 21 ga Yuli, kuma ba ta taɓa ƙaryata abokiyar gabarta ba. Masana a Jodrell Bank ta Ingila sun bi kumbunan biyu da na'urarsu. Madubin da aka bari can har yanzu ana harba masa haske daga ƙasa yana komowa. Duwatsun da aka kwaso a tafiye-tafiye shida, kilo 382, masanan ƙasashe da yawa sun gwada su. Labarin ya kai haddin tawaturi, watau marawaitansa sun yi yawan da ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

Kurakuran masu ɗauka ma shaida ne. A Nuwamba 1969 Alan Bean na Apollo 12 ya juya sabuwar kyamara mai launi ta fuskanci rana, nan take ta ƙone, aka ƙare yawon bisa wata babu hoton talabijin. Tashin kumbo daga wata kuwa sai a karo na uku aka same shi daidai, a Disamba 1972, lokacin da wani ma'aikaci a Houston mai suna Ed Fendell, yana sarrafa kyamarar da aka bari bisa motar 'yan sama jannati, ya danna umarnin ɗaga kai tun kumbon bai motsa ba, don ya san saƙo yana ɗaukar fiye da daƙiƙa guda kafin ya isa. Abin takaici kuma, faya-fayan asali na daren Apollo 11, waɗanda suka fi abin da duniya ta gani haske nesa ba kusa ba, hukumar NASA ta bayyana a 2009 cewa an goge su an sake ɗaukar wani abu a kai.

In mai dukiya ya yi haka, ina ga mu. Talabijin ta iso Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasa duka ƙarƙashin hukumar NTA, masu hali a Mafara suka fara kafa dogayen eriya bisa soraye. Tashoshin Arewa sun yi fice a wasan kwaikwayo, su Samanja na Usman Baba Pategi, amma shirin kimiyya yawanci na aro ne daga waje, domin faifan bidiyo tsada gare shi, kyamarar fita waje ɗaya ce ko biyu, gwamna kuma yana da taro kullum. Faifan da aka nuna yau, gobe a goge shi a ɗora wani.

A daidai wannan zamani ne yankin ya ga aikin hoton sama a jikinsa. Dam ɗin Bakolori, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya gina bisa Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, don ya tare ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya shayar da kadada 23,000 tsakanin Maradun da Mafara da Bakura, an tsara shi ne kamar sauran manyan ayyuka irinsa bisa taswirar da aka zana daga hoton jirgi. Daga sama fadama fili ce shimfiɗaɗɗiya mai jiran a ja mata layi. Hoton ba ya nuna cewa wannan gona gado ce, waccan jingina ce, waccan ɗorawa ta marayu ce, ba ya nuna maƙabarta, ba ya nuna mutanen ƙasan gulbi waɗanda shinkafarsu da sunsu suka dogara ga ambaliyar da za a tare. Da aka tashi garuruwa, aka hana manoma gonakinsu shekara da shekaru ana baje ƙasa, diyya kuma ta maƙale, sai suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka musu, Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye suka ga abin da suka gani. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na matattu, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Hoton dam ɗin da magudanansa masu kyan tsari ya shiga kalanda da littafin makaranta, labarin wancan yini kuwa ya fi zama a bakin tsofaffi.

Tun daga nan sanin da mutanen yankin suka yi wa jirgi daga ƙarƙashinsa ne: ƙaramin jirgin da yake feshin jan baki in tsuntsu ya sauka wa shinkafa, da na alhazai da yake tashi daga Sakkwato, a 'yan shekarun nan kuma na soja da yake bin dajin da ɓarayi suka mamaye, har a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a sararin Zamfara, a Satumba kuma aka katse layukan waya. Alhali ƙasar ba ta rasa abin nunawa ba. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964. An kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999. NigeriaSat-1 ya tashi daga Plesetsk ta Rasha a Satumba 2003. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a 2011, shekarar da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka harhaɗa da hannunsu a Surrey ta Ingila, ya hau falaki. A 2007 da wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, kafofin labarun waje ne suka kai shi duniya. Yau kyamara ta yi arha, har ƙaramin jirgi maras matuƙi ana haya don ɗaukar ɗaurin aure da naɗin sarauta, uzurin tsadar faifai ya faɗi.

Gwangwanayen fim ɗin Shaihu Umar sun yi shekaru ana zaton sun salwanta, sai a 2016 aka gano su cikin tarkacen ajiyar hukumar fim ta ƙasa, aka gyara su a Berlin, aka nuna fim ɗin a bikin fina-finai na birnin a 2018. Gwangwani yana iya jiran shekara 40, mutum ba ya iyawa. Wanda ya juya injin majigi a 1960, ko ya riƙe lasifika, ko ya yi gadi ko kanikanci a tashar Kano, in yana raye ya haura 80. Wanda ya tsaya a hanyar Bakolori yana saurayi ya ba 60 baya. Ina kira ga malamai da ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, da fadodin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, su nemo waɗannan dattawa tun suna iya magana, a ɗauke su da sunan gari da kwanan wata, a ajiye kofi ɗaya a gida, ɗaya a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ɗaya a Arewa House a Kaduna.